Na'urar tace iskar ɗaki marar ƙara kuma mai araha: wace ƙira za ka zaɓa, yaya za ka haɗa ta?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, duk mazaunin Kano ko Damagaram ko Maiduguri ya san yadda abin yake. A share ɗaki da safe, a goge talabijin, kafin la'asar sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Kaso mai yawa na wannan hazo daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, iskar hunturu kuwa ta kwaso ta ta yo yamma da ita. Wadda ke kwanciya a kan tebur da sauƙi, tsumma ya ishe ta. Wadda ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani, mai girman mikron 2.5 ko ƙasa da haka (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da ake kira PM2.5, domin ita ce ke wuce hanci da maƙogwaro ta isa can cikin huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicinta a yini ya wuce mikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba. Ranar da hazo ya sauko har aka daina hango hasumiyar masallaci, an wuce wannan adadi nesa ba kusa ba. Ga hayaƙin girki, ga na janareta, ga igiyar leko da turaren wuta, duk a ɗaki ɗaya.

Na'urar farko da na saya saboda tarin da yarona ke yi da dare, 'yar ƙarama ce mai kyan gani, da fitila shuɗiya. In aka murɗa ta zuwa ƙarshe, sai ka ce injin markaɗe aka shigo da shi ɗaki. Kwana biyu uwargida ta haƙura, a na uku na farka na tarar ta zare ta daga soket. In kuma aka rage ta zuwa lamba ɗaya, shiru kam akwai shi, amma iskar da take fitarwa ko gefen labule ba ta kaɗawa. Tun daga nan na daina tambayar wace na'ura ce ta fi ƙarfi. Abin da nake tambaya shi ne: iska nawa take tacewa a gudun da mutum zai iya barci kusa da ita?

Mataki na farko: auna ɗakin

Kada ka je kasuwa kafin ka ɗauki tef. Auna tsawo, faɗi da tsayin silin, ka ninka su. Ɗaki mai mita 4 da mita 4, silin mita 3, yana ɗauke da kubik mita 48 na iska. A 2023 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sabunta iskar ɗaki aƙalla sau biyar a awa, kuma ma'auni ne mai kyau a riƙe. Sau biyar na 48 ya ba ka 240. Ke nan kana neman na'urar da ke ba da tatacciyar iska kubik mita 240 a awa.

Wannan adadi shi ne ake rubutawa a kwali da haruffan CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da na'ura ke fitarwa. Kayan Turai da na Sin da kubik mita a awa suke rubuta shi, na Amurka kuma da CFM, kubik ƙafa a minti. CFM ɗaya daidai yake da kubik mita 1.7 a awa, saboda haka ɗakin namu yana buƙatar kimanin CFM 140. Amma ka lura, adadin da ke jikin kwali na gudun ƙarshe ne, wanda ba za ka kwana da shi ba. Nemi na'urar da adadinta ya ninka buƙatarka, don ka bar ta a tsakiya. Duk na'urar da ba a rubuta mata CADR ba, sai dai a ce "tana isar babban falo", ajiye ta ka wuce.

Mataki na biyu: fahimci filta

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don haka bari in ɗan zauna a kai.

Filtar HEPA ta gaske tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman mikron 0.3. Lamba ce mai burgewa, kuma gaskiya ce. Sai dai saƙarta a matse take, iska ba ta ratsa ta sai da ƙarfi, ƙarfin kuwa daga fanka mai gudu yake zuwa, fanka mai gudu kuma ita ce ƙara. Akwai wata filtar da ake sa wa manyan na'urorin sanyaya gine-gine, mai darajar MERV 13. Ita aƙalla rabin ƙwayoyin da ke tsakanin mikron 0.3 da 1 take kamawa a wucewa ɗaya, da kashi 85 na masu mikron 1 zuwa 3, da kashi 90 na waɗanda suka fi haka girma. A ma'aunin Turai, wadda ta yi kusa da ita ita ce F7, ko wadda aka rubuta wa ePM1 50.

Da jin haka sai ka ce ai HEPA ta yi mata nisa. A ɗakin tiyata, inda ake so iska ta fito tas a wucewa ɗaya, haka ne. Amma iskar ɗakin kwana zagayawa take yi, ta shiga na'ura ta fito ta sake komawa. Yi lissafin da kanka: HEPA da ke wuce da CFM 100 ta ba ka tatacciyar iska CFM 100. MERV 13 da ke wuce da CFM 300, ko da rabi kawai ta kama, ta ba ka 150, kuma a kan ƙurar hunturu, wadda da yawanta ta fi mikron ɗaya girma, abin da take kamawa ya fi rabi sosai. Abin da ta bari a zagaye na farko, za ta same shi a na biyu.

Sai batun ƙara. Fanka tana da ɗabi'a da injiniyoyi suka daɗe da sani: in ka rage gudunta da rabi, iskarta ta ragu da rabi, wutar da take ci ta koma kusan kashi ɗaya cikin takwas, ƙararta kuma ta sauka da kimanin desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). In ka jera fanka biyu iri ɗaya, ƙararsu desibel 3 kawai take ƙaruwa a kan ta guda ɗaya. Haɗa waɗannan biyun ka gani: fanka biyu masu tafiya a hankali suna ba da iskar da guda ɗaya mai gudu ke bayarwa, da ragin desibel 12 ko kusa da haka. Kunnen mutum kuwa yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Sharaɗin kawai shi ne filtar ta zama mai faɗi, domin fanka mai tafiya a hankali ba ta da ƙarfin tura iska ta ƙaramar kafa. Sirrin na'ura marar ƙara ke nan gaba ɗaya: filta mai faɗi, fanka da yawa, gudu kaɗan. Shi ya sa 'yar ƙaramar na'ura mai kama da filas ɗin shayi ba za ta taɓa haɗa shiru da aiki ba, ko nawa aka sayar da ita.

Mataki na uku: kwatanta ƙirar da ake da su

Mafi sauƙi ita ce a ɗaure filta ɗaya a jikin fanka da igiya ko salatif. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Talhelm ya yayata wannan dabara a birnin Bejin a 2013, lokacin da hayaƙi ya addabi garin, daga baya ta zama kamfanin Smart Air. Tana aiki, kuma cikin minti goma an gama. Aibinta, filta ɗaya tana shaƙe fankar, dole a sa ta a gudu mai yawa. Ta gaggawa ce, ranar da hazo ya sauko ba shiri.

Ta biyu ita ce akwatin Corsi-Rosenthal, wanda ya fito a 2020 lokacin annobar korona. Richard Corsi, injiniya masanin iskar cikin gini, shi ya kawo shawarar, Jim Rosenthal mai kamfanin filta a jihar Texas ya haɗa na farko. Filta huɗu na MERV 13 masu inci 20 ake jerawa su zama bango huɗu, a rufe ƙasa da kwali, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hura iska sama, a bi duk mahaɗa da salatif mai faɗi. Gwajin da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda aka buga a 2022, ya samu CADR daga kimanin CFM 600 zuwa 850 gwargwadon gudun fankar. Wannan ya ninka abin da yawancin na'urorin kanti ke bayarwa, alhali a lokacin, a Amurka, kayan haɗinsa ba su cika wuce dala 100 ba. A wajen yawan iska a kan kuɗi kaɗan, ban san abin da ya kama ƙafarsa ba. Amma gwajin nan dai ya auna ƙararsa tsakanin desibel 58 da 67. Ga ajin makaranta, shagon ɗinki ko falon da ake hira, babu laifi. Ga ɗakin kwana kuwa ya yi yawa, tunda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ɗakin barci desibel 30 ce. Ga kuma matsala biyu tamu ta nan: irin wannan fanka mai kusurwa huɗu ba ta cika yawa a kasuwanninmu ba, mu mun fi sabawa da ta tsaye da ta silin, kuma in ka yi odarta daga Amurka, ta bolt 120 za a kawo maka, wutarmu kuwa 230 ce. Ka soka ta kai tsaye, ta ƙone.

Ta uku ita ce ta kanti, mai HEPA. Ba na kushe ta. In ka samu babba mai CADR da ya ninka buƙatarka, ka bar ta a tsakiya, za ka ji daɗinta, ga shi ba ta da munin akwatin kwali. Kafin ka biya, tambayi mai shago abu ɗaya: "Alhaji, in filtar ta cika, a ina zan samu wata, kuma nawa?" In ya fara kame-kame, ka san bayan wata shida ka mallaki fanka mai tsada ne kawai.

Akwai kuma waɗanda ake tallatawa da cewa ba sa buƙatar filta, wai suna sakin wasu sinadarai da ke kashe ƙwayoyin cuta a iska. Shiru gare su, gaskiya, saboda kusan ba sa motsa iska. Wasunsu kuma suna fitar da iskar ozon, wadda ke ƙona hanyar numfashi tana tayar da asma, har jihar Kalifoniya ta hana sayar da duk wadda ke fitar da fiye da kashi 0.05 cikin miliyan. Mai asma ya saya don neman sauƙi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. In na'urarka mai filta tana da maɓallin wannan aiki, kashe shi.

Ta ƙarshe, wadda na tsaya a kanta, ita ce akwati mai fankokin kwamfuta. Tunanin Corsi-Rosenthal ne, amma a madadin babbar fanka ɗaya, sai a jera ƙananan fankoki biyar ko shida irin na cikin kwamfutar tebur, masu milimita 120. An ƙera su ne don su yi ta juyi dare da rana kusa da kunnen mutum ba tare da sun dame shi ba. Kowace ɗaya wat ɗaya zuwa biyu take ci, babbar fanka kuwa ta kan ci 50 ko fiye. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da bolt 12 suke aiki, irin na batir. A ƙasar da ake ɗauke wuta tsakar dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta kai akwatin Corsi-Rosenthal yawan iska ba, kuma haɗa ta na buƙatar kafinta da ɗan sanin waya. Ga ɗakin kwana dai, ita ce.

Mataki na huɗu: haɗa akwatin

Fara da sayen filta, domin a kanta za a yanka katako. Biyu kake so, MERV 13 ko F7, inci 20 da 20, ko 20 da 25 in ka samu. Masu kaurin inci biyu sun fi masu inci ɗaya, don ninkinsu ya fi yawa, iska ta fi samun hanya. Wajen masu sayar da kayan manyan na'urorin sanyaya gini ake samu, ko a yi oda ta intanet. Auna ta da tef bayan ta zo hannunka. Abin da aka rubuta inci 20 ya kan gaza da kusan rabin inci, kuma kafintan da ya yanka a kan rubutu sai ya bar maka kafa.

Fankoki biyar, masu waya huɗu, don su ne ake iya rage wa gudu cikin sauƙi. Arctic P12 ta yi suna a wannan aiki saboda tana jure tura iska ta cikin filta, kuma nau'inta mai alamar PST yana da bakin da ake sarƙa ɗaya a jikin ɗaya, ba sai an yi ta yanke waya ba. In ba filta a gabanta, tana ba da kimanin CFM 56. Ni nakan cire kashi ɗaya cikin uku saboda filta, in lissafa 37. Biyar sun ba da 185, amma wannan iskar da ke ratsa filta ce, ba tatacciya ba; in filtar ta kama kashi 85, kimanin 157 ke nan, ya ɗan wuce 140 da ɗakinmu ke nema. Sai adafta mai bolt 12 da amfiya 2, irin ta dikoda, da ɗan maɓallin rage gudu, da ragar ƙarfe ta rufe kowace fanka. Kada ka tsallake ragar nan in akwai yara. Ba abin da ke jan yatsan yaro kamar abu mai juyawa.

Ka ce wa kafinta ya yi maka firam kamar na taga, daidai girman filtar, faɗin katakon santimita 14 zuwa 15 a tsakanin inda filtocin biyu za su zauna. A katakon sama ya huda ramuka uku masu faɗin santimita 11.5, a na gefe ɗaya ya huda biyu. Ya kafa siririn katako ta ciki a kowace fuska don filtar ta jingina. In kuɗi sun yi kaɗan, kwali mai kauri ninki biyu yana yi, sai dai ba ya daɗewa.

Ɗaura fankokin da sukurori su riƙa fitar da iska waje. Fanka tana hura iska ne ta fuskar da ke da sandunan roba da takardar suna, saboda haka wannan fuskar ce za ta kalli waje. Sa ɗan yankin robar tayar keke tsakanin fanka da katako, yana shanye karkarwa, wadda sau da yawa ita ce gurnanin da ake ji ba iskar ba. Sarƙa wayoyin, fito da guda ɗaya ta ƙaramin rami, toshe ramin da gam.

Yanzu filta. A gefen kowace akwai kibiya da ke nuna inda iska za ta bi. Duka biyun su nuna cikin akwati. Ni a karon farko na juya ɗaya, sai da na gama naɗe ta da salatif na lura, na sake warwarewa ina ta tsaki. Bi duk gefuna da salatif mai faɗi, kada ka bar ko kafar da allura za ta shiga. Iska malalaciya ce, in ta samu hanyar da ba filta, nan za ta bi. Daga nan sai ka lulluɓe fuskar kowace filta da yankin tsohon gidan sauro. Shi zai tare gashi, zare da manyan ƙura, kuma shi ana cire shi a wanke.

Mataki na biyar: gwada, sannan ka zaɓa mata wuri

Kunna ta ka kawo takarda mai laushi kusa da filta. In ta manne, iska na shiga ta inda ya dace. Kunna tsinken turare ka bi mahaɗa da shi a hankali. Inda ka ga hayaƙi na tsuwewa ta gefen katako, akwai kafa, ƙara salatif.

In kana da ɗan ma'aunin PM2.5, ko za ka iya ara, ga gwajin da ke raba gardama. Rufe ƙofa da taga, kunna turare har lambar ta hau, kashe shi, rubuta lambar, kunna na'ura. Ɗakin da ake tace iskarsa sau biyar a awa, ƙurarsa na raguwa da rabi duk bayan minti takwas da 'yan daƙiƙu, cikin rabin awa kuma kusan kashi 90 ya tafi. In naka bai yi kusa da haka ba, ko dai na'urar ta yi wa ɗakin kaɗan, ko ƙura na shigowa daga waje. Na biyun ya fi yawa a gidajenmu. Taga mai luba da ba ta rufuwa ruf, da tazarar ƙarƙashin ƙofa, sun isa su cinye aikin na'ura. Jiƙaƙƙen tsumma a gindin ƙofa da salatif a gefen taga suna ƙara mata ƙarfi fiye da fanka ta shida.

Don ƙara, manhajar auna sauti ta waya ba ta da cikakken daidaito, amma ta isa kwatanta gudu da gudu. Ajiye wayar a kan matashin da kake kwana, ka yi ta rage maɓalli har sai ƙarar ta ɓace cikin shirun dare, ka yi wa wurin alama da biro. Da rana, ko lokacin shara, murɗe ta zuwa ƙarshe. Kada ka cusa ta a lungu ko bayan kujera. Bar mata aƙalla taku ɗaya tsakaninta da bango ta kowace fuskar filta, kuma kada iskarta ta doki mai barci kai tsaye, don a sanyin Janairu ba wanda zai gode maka.

In aka ɗauke wuta, ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, irin na UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, yana ɗauke da wat-awa 84. Fankoki biyar a cikakken gudu ba su cika wuce wat 8 ba. Tunda irin wannan batir ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, ka samu awa biyar, in an rage gudu kuma har asuba. Mai sola a gida, in batirinsa mai bolt 12 ne, sai ya ja waya daga gare shi kai tsaye, ya sa fis a tsakani, ba sai an bi ta inbata ba.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: babu filtar da ke cikin waɗannan da ke kama iskar kabon monoksaid, gubar da janareta da gawayi ke fitarwa, marar launi marar wari. Filta ƙwayoyi take tarewa, gas wucewa yake yi abinsa. Kada don ka toshe kafofi ka kunna na'ura ka shigo da kaskon wuta ɗaki ka rufe, ko ka ajiye janareta a baranda kusa da taga. Ɗakin da mutane da yawa ke kwana ma yana buƙatar a buɗe shi ya sha iska a lokacin da hazo ya lafa, don na'urar ba ta ƙara iskar shaƙa, tsohuwar take wankewa.

Filtar kanta ba a wanke ta. Yawancinsu zarensu na ɗauke da wani caji da ke jawo ƙananan ƙwayoyi, ruwa kuma na lalata shi ya kuma saki takardar. Kada a kai ta wajen mai faci a busa mata iska kamar filtar mota, yagewa take yi ta inda ba ka gani. Gidan sauron da ka lulluɓa shi za ka riƙa cirewa duk mako. Rubuta ranar da ka sa filtar a gefenta. Canza launi zuwa ruwan ƙasa ba ya nufin ta mutu. Alamar mutuwarta ita ce takardar gwaji ta daina mannewa da ƙarfi, ko iskar da ke fita ta yi rauni a gudun da ka saba. A inda iska ke da tsabta ta kan yi wata shida zuwa shekara, amma a nan hunturu ɗaya na iya gamawa da ita. Ni nakan sa sababbi a farkon Nuwamba, in sayi na canji tun da damina, in ajiye su cikin ledarsu a saman kabad.